Neman kalmar Hausa: me za mu kira "unmount"?

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah masu Hausa a baki da masu harkar kwamfuta ku matso kusa, akwai wata kalma da ta hana ni sakat tun bayan ƙaramar sallah, kuma so nake mu tsayar da ita a nan kowa ya sa baki.

Ina aiki ne a wani ɗan ofishin masu hidimar Umra a nan Makka, wajen Shari'u Mansur. Da azumi aiki yakan yi mana yawa sai mu ɗauki samari na wucin gadi, mu aro laftof biyu ko uku mu ƙara da namu. Muna da folda guda ta tarayya a rumbun intanet, wanda Larabawa ke ce wa sahaba wato gajimare, a cikinta ake zuba hotunan fasfon baƙi da jerin ɗakunan otal da lokutan motocin Madina da na filin jirgin Jidda, kuma an saita ta yadda duk kwamfutar da ka buɗe za ka gan ta zaune kamar a cikin kwamfutar take, alhali ba a nan take ba, hanya ce kawai aka buɗe zuwa gare ta.

To bayan sallah za a mayar wa mai laftof kayansa, sai na tura wa ɗaya daga cikin samarin saƙo na ce "ka cire foldar nan daga kwamfutar kafin ka kai ta". Yaron ya buɗe foldar, ya zaɓi duk abin da ke ciki, ya danna Delete. Ba a jima ba sai takardu suka fara ɓacewa a kwamfutar kowa, har ta mai gidan, ga ayari guda za su tashi washegari. Allah ya rufa asiri rumbun yana da kwandon shara, a nan muka tsince su muka dawo da su, amma wallahi ranar ba mu yi barci ba. Kuma yaron nan ba shi da laifi ko kaɗan, na ce cire, ya cire iyakar fahimtarsa. Kalmar ce ba ta ɗauki abin da nake nufi ba.

Abin da nake nufi shi ne wanda Turawa ke ce wa unmount. Wato ka raba kwamfutarka da foldar, ta daina bayyana a wajenka, amma abin da ke cikinta yana can lafiya lau a rumbu, sauran mutane na ci gaba da aikinsu. Kishiyarsa mount. Asalin kalmar daga tsoffin kwamfutoci ne, lokacin da ma'aikaci ke ɗauko faifan tef da hannunsa ya ɗora a kan na'ura kafin a karanta, in an gama ya sauke shi. Umarnin mount yana nan tun tsarin kwamfuta na Unix na farko a 1971, har yau sunan bai canja ba duk da yanzu ba wanda ke ɗaga komai.

Sai mutum ya ce ai shikenan, ɗora da sauke. Ni ma da su na fara. Amma an riga mu, duk Bahaushen da ke riƙe da waya ya san ɗora shi ne tura abu sama intanet, sauke kuma ɗauko shi zuwa waya. In na ce wa yaro ya sauke foldar, zai zauna ne ya kwafo fasfon mutane gaba ɗaya cikin laftof ɗin aro, ka ga an yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Toh ina jiran ku.

Na dawo bayan Isha na tarar da amsoshi da yawa, Allah ya saka da alheri, bari in bi waɗanda suka fi tsaya mini.

Wani ɗan'uwa da ke gyaran waya a Jidda ya ce me ya sa nake wahalar da kaina, ai su da Larabci "ifsil" wato raba kawai suke cewa ko "shil", kowa ya gane. Gaskiya ne Yaya, tsakaninmu da haifaffun nan ya wadatar, ni ma a ofis rabin maganata Larabci ne. Amma fa wakilanmu na Kano da Sakkwato da Maraɗi ba sa jin wannan, kuma da su muke raba foldar. Sannan "shil" ɗin ma ciwonsa ɗaya da cire, ɗauke ne kawai, bai faɗa maka ko abin zai tsira ba.

Katse ta samu masoya sosai, saboda a Windows abin da ke rubuce a wurin Disconnect ne. Ban ƙi ta gaba ɗaya ba. Matsalata da ita, katse a kunnen Bahaushe abu ne na bagatatan, layi ya katse, an katse min magana, igiya ta katse. Akwai ɓarna a cikinta ko rashin shiri. Shi kuwa wannan aiki da natsuwa ake yinsa, sai ka jira duk abin da ka rubuta ya gama hawa rumbu tukunna. In intanet ta ɗauke ana tsakiyar aiki, wannan shi ne katsewa, kuma muna buƙatar kalmar a can, kar mu kashe ta a nan.

Kalmar zare kuma a bar wa filash da memori, abin da ake zarowa da hannu.

Wata Hajiya daga Madina ta tuna mana wani abu da ban taɓa lura da shi ba sai yau, kuma ya tayar min da hankali fiye da labarina. Ta ce kalmar Turanci ta raba abu da mutane, in an rubuta ta, harafi da harafi ɗaya take da namu share na sharewa. Wato in wani ya rubuto maka "ka share foldar", ba ka san ko cewa yake ka tura wa jama'a ko ka goge ta ba. Hajiya Allah ya ƙara basira. Dan Allah a harkar aiki mu daina rubuta wannan kalma kwata-kwata, in gogewa ake nufi a ce goge, in rabawa ce a ce a ba wane dama ko a sa shi a tarayya.

Su kansu masu abin ba su tsira daga wannan ruɗani ba fa. A Windows in za ka yi aikin da rubutaccen umarni, net use Z: /delete za ka rubuta, ga kalmar gogewa ƙiri-ƙiri a ciki alhali ko fayil ɗaya ba ya taɓawa, harafin Z kawai yake saki. A Mac kuma ɗaya daga cikin hanyoyin fitar da faifai ita ce ka ja shi ka kai kan kwandon shara, sai alamar kwandon ta juye ta koma ta fitarwa. Mutumin da bai saba ba ina zai iya jan kayan aikinsa zuwa shara hankalinsa kwance? Shi ya sa ban yarda mu bi kalmominsu mu fassara ba, gara mu duba aikin da kansa mu ga da me ya yi kama a wajenmu.

Wanda ya warware min ita kawuna ne, ba ya ma cikin masu rubutu a nan, tsoho ne da ya zo ƙasar nan ta Sudan tun yana saurayi, bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba. Muna shan shayi nake ba shi labarin abin da ya faru, na yi masa bayani iya yadda zan iya, sai ya ce "au, to ai kunce ta za ka ce ya yi, kai kuma ka ce ya yanka." Na ce Kawu maimaita. Ya ce akuyar da aka ɗaure a turken ƙofar gidanka, in ka gama da ita ai kunce ta kake yi ta koma garke, akuya na nan da ranta, turke na nan, igiya ce kawai ta bar wuya.

Jama'a ni dai a nan na tsaya, ku dubi yadda ta zauna. Mount ya zama ɗaura, kamar yadda ake ɗaura sirdi ko a ɗaura guga a igiya, abu ne da ba jikinka ba ka haɗa shi da naka na wani lokaci. Unmount ya zama kunce. Sannan ga kyautar da ban nema ba, wurin da foldar ke bayyana, wanda ba mu da sunansa ko kaɗan, ya zama turke. A Windows turken harafi ne, Z ko Y ko wanda ka zaɓa, Google Drive na kwamfuta ma G yake kamawa in ba ka canja masa ba. A Mac turakun suna ƙarƙashin /Volumes, a Linux galibi /mnt ko /media. Sai ka ce "na ɗaura foldar ofis a turken Z", ko "kunce ta daga Z ka ɗaura a Y". Na gwada wa mutum uku a ofis yau ba tare da wani bayani ba, ba wanda ya tambaye ni ko fayil zai ɓace. Kuma haifaffun nan da Larabci ya fi ƙarfi a bakinsu nan take suka ce ai "fukk" kenan, wato kunce da Larabci, ma'anar ta haɗu ta kowane ɓangare.

Har saƙon da Linux ke bayarwa in ka yi umount alhali akwai fayil a buɗe, ya ce maka wurin yana cikin aiki ya ƙi saki, ya shiga cikin misalin, ba a kunce saniya ana tsakiyar tatsa. Ka rufe abin da ka buɗe tukunna. Af, masu Linux a lura umount ake rubutawa babu n bayan u, wanda kuma ya ɗaura da manhajar rclone zai iya kuncewa da fusermount -u.

Wani Malami da ke karatu a Jami'ar Ummul Ƙura ya kawo gyara mai ƙarfi. Ya ce daidaitacciyar Hausa kwance ce, me ya sa nake rubuta kunce. Allah ya gafarta Malam, da gangan na yi. A baki ba matsala, karin sauti na raba su, amma a rubuce kwance na warware ɗauri da kwance na wanda ya kwanta ba su da bambanci, kuma mu yawancin umarnin nan a WhatsApp muke ba juna. In na rubuta "foldar tana kwance" wani zai ɗauka tana nan zaune ba a taɓa ta ba, wanda shi ne kishiyar abin da nake nufi. Kunce kuwa ba ta da abokiyar rikici, kuma ba ƙirƙirarta na yi ba, haka mutane da yawa ke faɗa a gida. Wanda bakinsa ya saba da kwance ya faɗi abinsa, a rubutu dai mu riƙe kunce.

Ya kuma ce ɗaura na iya rikicewa da ɗora ga mai saurin karatu. Wannan kam na karɓa, akwai haɗarin. Sai dai kuskuren can ba ya kashe kowa, iyaka mutum ya sake tambaya. Wasu sun ce a yi amfani da jona a madadinta tunda ana jona waya a caji, ni ban hana ba, in jona ce ta fi bin bakin mutane to ta zauna. Wadda ba zan sassauta a kanta ba ita ce kunce, don a nan ne ake asara.

Tunda an zo nan bari in faɗi yadda ake kuncewar, don kalma ba aiki ba ta da amfani. Kafin komai ka tabbata alamar rumbun ta nuna komai ya gama hawa. A Windows in foldar harafi gare ta, ka shiga This PC ka danna mata dama ka zaɓi Disconnect. In OneDrive ne ka shiga saitinsa, ɓangaren Account, akwai Unlink this PC na kunce asusun gaba ɗaya, akwai Stop sync na folda guda. Google Drive kuma Disconnect account a cikin saiti. A Mac ɗan kibiyar da ke gefen sunan a Finder, ko Command da E. In ka kunce ta amma duk ka kunna kwamfuta sai ta dawo, to an bar mata igiya ne, a Windows wurin Reconnect at sign-in, a Mac cikin Login Items, a Linux cikin /etc/fstab.

Abu biyu da kuncewa ba ta yi maka, kuma a kwamfutar aro su ne masu muhimmanci. Fayilolin da OneDrive ya riga ya sauke suna nan a kwamfutar bayan ka kunce, to a lokacin ne, bayan kuncewa ba kafinta ba, za ka goge su ba tare da ka taɓa na rumbu ba. Sai kalmar sirri da kwamfutar ta adana, a Credential Manager na Windows ko Keychain na Mac, ita ma a bi ta a goge, in ba haka ba mai laftof zai iya sake ɗaurawa ya ga fasfon bayin Allah da suka ba mu amana.

Kuma kar kowa ya dogara da kwandon shara yadda muka tsira da shi. Google Drive kwana 30 yake riƙewa, OneDrive na ma'aikata kwana 93, amma foldar da aka ɗaura a harafi daga sabar ofis, wato babbar kwamfutar da ke ajiye fayilolin ofis, in ka goge abu a cikinta ba ya zuwa kwandon kwamfutarka sam.

Yau da safe akwai laftof na ƙarshe da ya rage za a mayar, kuma yaron nan dai shi na sake ba aikin, don ban so ya tafi da tsoron abin a ransa. Ga saƙon da na tura masa: "Ƙanena, jira komai ya gama hawa, sai ka kunce foldar ofis daga turken Z, kar ka goge komai a cikinta. In ka kunce ka turo min hoto, sannan mu goge abin da ya saura a laftof ɗin tare." Bayan minti biyar ya turo hoton This PC babu Z, ya rubuta a ƙasa "Yaya na kunce, duba naka ka gani ko suna nan." Na duba, suna nan cif.