Bel ya tsinke mini kwaɓi yana cikin kwano: yaya kuke duba kayan aiki kafin su tsaya?

Hajiya Mai Gidan Burodi: Assalamu alaikum 'yan zaure. Da zafina na shigo yau. Shekaranjiya da asuba, kwaɓin farko yana cikin kwano, injin kwaɓa ya yi wata ƙara ya tsaya cak. Fulawa ta jiƙe, yis ya riga ya shiga, yara sun yi cirko-cirko suna kallona. Mai gyara bai iso ba sai bayan azahar, kafin nan kwaɓin ya tashi ya faɗa ya yi tsami. Da ya buɗe bayan injin sai ga bel a tsinke, duk jikinsa a tsattsage. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne wata biyu ke nan yaran suna gaya mini injin yana kuka in an saka shi a gudu na biyu, ni kuma ina ta cewa a bari zuwa ƙarshen wata. Don Allah waɗanda suka daɗe a harkar nan, me kuke dubawa da kanku, me kuke bar wa mai gyara, kuma sau nawa?

Baba Mai Tanda: Wa alaikumus salam. Allah ya mayar da alheri, 'yata. Ki gode Allah a bel ta tsaya. Inji ba ya mutuwa bai yi magana ba, sai dai a ƙi saurarensa. Yaran da suka ji kukan nan ki riƙe su da kyau, suna da kunne.

Injiniya: Hajiya, sannu da haƙuri. Kukan da yara suka ji, bel ne da ya saki yana zamewa a kan fuli, wato ƙarfen nan mai zagaye da bel ke hawa. Zamewar ke sa shi zafi, zafin ya busar da robar, sai tsagewa ta biyo baya. Sau ɗaya a wata a cire wuta daga soket gaba ɗaya, a buɗe murfi, a danna tsakiyar bel da yatsa. Ya ɗan ba da kai kaɗan, kada ya yi sako-sako, kada kuma ya yi tauri kamar tsirkiya, domin wanda aka ɗaure fiye da kima boris yake ci, wato ƙwallayen ƙarfen da sandar injin ke juyawa a kansu. In injin mai bel biyu ne ko uku, a canza su tare, sabo da tsoho ba sa raba nauyi daidai.

Sai lodi. Kowane inji akwai nauyin da aka rubuta masa, amma a lura, wani kamfanin nauyin fulawa yake rubutawa, wani kuma nauyin kwaɓi bayan an zuba ruwa. Mutane da yawa a nan suke ruɗewa, su riƙa ɗora wa inji abin da ya fi ƙarfinsa kullum ba su sani ba. Kwaɓi mai tauri kuma ya fi mai ruwa wahalar da motar injin, wato na'urar lantarkin da ke juya shi, don haka a rage masa. Giris ɗin da za a sa a duk wurin da zai iya ɗiga cikin kwano ya zama na abinci, mai alamar H1 a jikin gwangwanin. Giris ɗin motar hawa ba na nan ba ne.

In injinki mai layin wuta uku ne, ki sa a ɗaura miki na'urar da ke yanke wuta idan layi ɗaya ya ɗauke. In babu ita, motar za ta ci gaba da gurnani a kan layi biyu har koyil, wato naɗin wayar da ke cikinta, ya ƙone.

Alhaji Mai Gidan Abinci: Ni fa ina da ja a maganar nan. Na taɓa kiran wani ya yi wa tandata sabis tana lafiyarta ƙalau. Ya kwance wannan, ya ɗaure wancan, tun daga ranar gefe ɗaya ke ƙona gashi, gefe ɗaya ɗanye. Sai da na nemo wani ya gyara ɓarnar. Tun lokacin na ce abin da ke aikinsa a ƙyale shi.

Baba Mai Tanda: Alhaji, abin da ya same ka gaskiya ne, na ga irinsa. Amma wannan laifin hannun da ya taɓa ne. Mafi yawan abin da muke magana a kai ko sukudireba ba ya bukata: shara ce, da wanki, da kallo, da sauraro. Abin da ya shafi cikin gas da cikin wuta kuwa, a nemi wanda ya san irin injin, a tsaya a kansa, ya faɗi abin da zai taɓa kafin ya taɓa, ya kuma bar maka tsohon abin da ya cire ka gani da idonka.

Anti Mai Kek: Yaya Alhaji, ko fankar tandar ya mayar ba daidai ba? Bari in ba da tawa. Na yi watanni kek yana fito mini da baƙin kai, cikinsa kuma bai nuna ba. Na canza fulawa, na canza bekin foda, har na fara zargin yarinyar da ke awo. Wata ƙawata ta ce in sayi ɗan ma'aunin zafi na ratayawa cikin tanda. Na rataye shi a tsakiya, na saita tandar a digiri 180, na jira ta yi zafi sosai. Da na leƙa ta gilashi allurar ta wuce 200. Ashe na'urar daidaita zafin ce ta kauce, lambar da ke jikin makunni daban, abin da ke ciki daban. Yanzu duk sati ina gwadawa, ina matsar da ma'aunin gaba, baya, sama da ƙasa, don in san inda ya fi zafi. Ku duba robar ƙofa ma, in ta ƙone ta yi tauri zafi ta nan yake gudu.

Alhaji Mai Gidan Abinci: Fankar ce kuwa, baya take juyawa. Mai gyara na biyun ne ya gano.

Mai Sanyi: Ni firiji da firiza ne aikina, kuma wallahi yawancin kwamfuresan da nake cirewa a ƙone, wato injin da ke tura gas ɗin sanyi a cikin firiji, ƙura ce ta kashe su. A baya ko a ƙasan firiji akwai kwandensa, wato ragar nan da fanka ke hura wa iska. Ta nan zafi ke fita. A gidan burodi garin fulawa da maiƙo suna haɗuwa su liƙe ta kamar bargo. Zafi ya rasa hanya, kwamfuresa ya yi ta aiki ba hutawa har ya gaji. A kashe wuta, a sa buroshi mai laushi a share ta bisa tsayin layukan, kada a lanƙwasa su. Inda ake fulawa, duk wata. Kada kuma a manna firiji da bango ko a ajiye shi jikin tanda.

Robar ƙofa gwajinta sauƙi gare shi: a sa takarda a rufe ƙofar a kanta, a ja. In ta zaro ba tirjiya, sanyi na fita ta wurin. Firiji ya tsaya a digiri 5 ko ƙasa da haka, firiza a 18 ƙasa da sifili. Tsakanin digiri 5 da 60 ne ƙwayoyin cuta suke saurin yaɗuwa a abinci, shi ya sa firijin da yake ɗan sanyi-sanyi ya fi wanda ya mutu haɗari, domin mataccen kowa ya san ya mutu.

Wani abu da nake so kowa ya riƙe: gas ɗin firiji ba ya ƙarewa kamar man mota, a rufe yake yana zagaye. Duk wanda ya ce gas ya ragu, to akwai inda yake yoyo. In ya ƙara bai nemo hudar ya toshe ba, zai sake dawowa. Sababbin firiji da yawa kuma gas ɗin da ake kira R290 ne a cikinsu, mai kama wuta ne, kada a bar wanda bai san shi ba ya kusance shi da wutar walda.

Ɗan Koyo: Sannunku iyayena. Tambaya gare ni, Malam Mai Sanyi. In wuta ta ɗauke ta dawo nan take, maigidana yakan ce in kashe firiji in jira. Mene ne dalili?

Mai Sanyi: Maigidanka ya san abin da yake yi, ƙanena. Lokacin da kwamfuresa ya tsaya, matsin gas yana nan da ƙarfi a gefe ɗaya. In ya tashi a haka kamar tura mota ne a hawa. Minti 3 zuwa 5 sun isa matsin ya daidaita.

Shugaban Kicin: Duk abin da aka lissafa asarar dukiya ce. Ni na rai nake tsoro. Rumfar zuƙe hayaƙi da ke saman murhu, maiƙo yana taruwa a ragarta da cikin bututunta, kuma maiƙon nan makamashi ne. Harshen wuta ɗaya ya tashi daga kasko ya lasa, gobara ta shige bututu inda hannu ba ya kaiwa. Mu kowane dare muke cire ragar mu jiƙa ta a ruwan zafi da sabulu. Cikin bututu kuwa aikin masu sana'ar ne. A Amurka akwai ƙa'idar da ake kira NFPA 96: mai girki da itace ko gawayi a duba masa duk wata, mai aiki dare da rana duk wata 3, matsakaici duk wata 6, mai ɗan aiki kaɗan sau ɗaya a shekara. Ko ba a ƙasar kake ba, ma'auni ne mai kyau.

Tukunyar suya ma tana da na'ura ta biyu, bayan mai daidaita zafi, da ke yanke wuta in zafin mai ya wuce kima. Na sha ganin ta lalace an haɗe wayarta kai tsaye don aiki ya ci gaba. Don Allah kada a yi. Ita ce ke tsakanin mai da kamawa. Kuma gobarar mai ba a zuba mata ruwa, tashi take yi ta watsu. Tukunyar kashe gobara ta kicin daban ce, mai alamar K a Amurka, F a Turai. A duba allurarta tana kan kore, kuma kowane ma'aikaci ya san yadda ake zare fil ɗin.

Baba Mai Tanda: Madalla. In ƙara da gas. Wutar murhu shuɗiya ce lafiyayya. In ta koma rawaya tana baƙanta gindin tukunya, ko ƙofofin kan murhun da wuta ke fita sun toshe ko iska ba ta isa, kuma irin wannan ƙonuwar ce ke fitar da iskar nan mai kisa da ba ta da wari. Tiyo da regileta a shafa musu ruwan kumfa, inda kumfar ta riƙa kumbura nan ne yoyo. Ashana ba abin gwaji ba ce. Tiyo in ya fara tauri ko tsagewa a canza, kada a naɗe shi da salatif.

Malama Mai Lissafi: Ni ba ni da hannu a inji, littafi nake riƙewa, amma ga abin da ya yi mana amfani. Kowane inji mun rataya masa kati: ranar da aka duba, abin da aka yi, wanda ya yi. Da safe da yamma ana rubuta sanyin firiji. Da ka ga lambar tana hawa kaɗan-kaɗan kwana uku a jere, ka kira mai gyara tun kaya ba su narke ba. Katin yana kuma tsaya maka in maganar garanti ta taso. Sannan mun ware akwati ɗaya na ajiya: bel, fis, robar ƙofa, tiyo. Da Hajiya tana da bel a akwati, da kwaɓinta ya tsira.

Sikeli ma a riƙa gwada shi. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Ma'aunin zafi na sokawa kuma a tsoma shi cikin ƙanƙara da ɗan ruwa, ya nuna sifili.

Ɗan Koyo: To teburin silba da ya fara ɗigon tsatsa fa? Kullum ina goge shi da soson ƙarfe da bilic.

Injiniya: Su ne suka jawo. Wannan ƙarfen sinadarin kuromiyam da ke cikinsa ne ke yi masa wata siririyar fata da ido ba ya gani. Bilic in ya daɗe a kai yana huda fatar, soson ƙarfe kuma yana barin ɓurɓushinsa ya yi tsatsa a wurin. Sabulu da soso mai laushi, a bi layin ƙarfen, a ɗauraye, a tsane. Kuma kada ka taɓa fesa wa inji ruwa da tiyo, ruwan yana shiga mota da makunni.

Garin fulawa kuma a share shi, kada a hure shi da iska. Bayan cutar ƙirji da yake sa wa masu shaƙarsa kullum, in ya tashi ya cika iska ya haɗu da tartsatsi fashewa yake yi. A 1878 wani babban kamfanin niƙa fulawa a birnin Miniyapolis na Amurka ya tarwatse ta wannan hanyar, mutum 18 suka rasu. Masu tanda mai tururi kuwa su kula da farin ɓawon da ruwa mai gishiri-gishiri ke bari, yana toshe bututu ya lulluɓe abin dumama ruwa. Matatar ruwa da wankin da littafin injin ya ce su ne maganinsa.

Hajiya Mai Gidan Burodi: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Ina karantawa na tashi na sa yara suka jawo babban firiji. Malam Mai Sanyi, ragar nan ko ganinta ba a yi, fulawa da maiƙo sun yi mata kauri kamar tabarma, kwamfuresan kuma ba ya taɓuwa don zafi. Mun kashe, mun share abin da buroshi ya iya. Maiƙon da ya liƙe fa, da me zan cire shi?

Mai Sanyi: Kada ki sa wuƙa ko waya, Hajiya, bututun siriri ne, huda ɗaya gas ya fita. Akwai ruwan wankin kwandensa na fesawa, ki nemi wanda aka rubuta ba ya cin alminiyam, a rufe wayoyi da motar fanka da leda kafin a fesa. A bar shi ya bushe sarai sannan a kunna. Bayan awa biyu ki duba ma'auni ki turo mini lambar, ki kuma gaya mini ko kwamfuresan ya fara tsayawa yana hutawa da kansa.