Man oregano kwalba biyu, ƙamshi ya sha bamban

Mai Sabulu: Salamu alaikum 'yan zaure. Ina sa man oregano, wani ganye mai ƙamshi dangin tayim, a sabulun da nake haɗawa. Kwalbar farko yayana ya kawo min daga Istanbul, ɗigo ɗaya ya taɓa min hannu sai da na ji kamar attarugu. Da ta ƙare na yi odar wata ta intanet, ita ma an rubuta Origanum vulgare, sunan tsiron a kimiyyance, amma ƙamshinta sanyi-sanyi kamar ɗanyar ciyawa. An cuce ni ne?

Malamin Kemistiri: Wa alaikumus salam Hajiya. Ba lallai cuta ba ce. Origanum vulgare gida ne mai ɗakuna da yawa. Reshen da ake kira hirtum, wanda ke fitowa a Girka da yammacin Turkiyya, shi ne mai zafin nan. Sinadarin karbakurol ko ɗan'uwansa taimol ne ke cika shi, a mai kyau karbakurol kan haura kashi 60 cikin 100. Amma wanda ke tsirowa a dajin arewacin Turai, inda rana ba ta da ƙarfi, man da ake samu a ganyensa kaɗan ne, kuma wasu sinadarai ne suka fi yawa a ciki, irin su sabinin da kariyofilin. Ina zargin irinsa kika samu.

Ko a gona ɗaya ma ba ya tsayawa wuri guda. Tsiron yana fara haɗa sinadarin gama-tafinin ne, daga shi ake samun karbakurol da taimol, don haka wanda aka yanka kafin ya yi fure ba zai yi daidai da wanda aka yanka yana cikin fure ba. Fari, tudun da ya fito, yadda aka shanya shi, duk suna taɓa shi.

Maman 'Yan Biyu: Ikon Allah. Kamar zuma ke nan, ta kowane daji da ɗanɗanonta.

Malamin Kemistiri: Ba sai mun je nesa ba Maman 'Yan Biyu. Ɗoɗɗoyarmu ta bayan gida haka take. Wata ki murza ta ki ji kanumfari, wata ki ji ƙamshin tayim, alhali iri ɗaya ne.

Hajiya Babba: Ni dai za'atar na sani, wanda muke sayowa a Madina. Shi ne wannan?

Malamin Kemistiri: Dangi ne Hajiya. Na asali Origanum syriacum ne, na Labanan da Siriya da Falasɗinu, sai a gauraya shi da riɗi da sumak (wani gari mai tsami). Shi na ci ne da burodi, ba na sabulu ba.

Mai Gonar Kaji: Ni shawarata, kada ki sake saye sai mai kaya ya turo miki takardar gwajin GC-MS, wato gwajin da ke nuna sinadaran da ke cikin man, kuma lambar da ke kan takardar ta zo daidai da ta jikin kwalbar. A nan za ki ga kason karbakurol ƙuru-ƙuru. Na taɓa sayen galan guda don kajina ban nemi takarda ba, kuɗina ya tafi a banza. Ki kuma kula da suna. Oreganon da ake ce wa na Sifaniya Thymbra capitata ne, na Mekziko kuma Lippia graveolens, wannan ko danginsu ɗaya ba su haɗa ba. Idan zafi kike so, Origanum onites na Turkiyya, wanda ake nomawa sosai a Denizli, bai taɓa ba ni kunya ba.

Anti Nas: Ku yi haƙuri in sa baki. Wannan zafin da kuke yabo ƙuna yake yi. A abin da zai zauna a fata kada ya wuce kashi 1 cikin 100, kuma ban da jarirai da masu ciki. Idan sabulun yara ne, ki nemi Origanum majorana, ya fi laushi nesa ba kusa ba.

Maman 'Yan Biyu: To busasshen ganyen da muke sa wa a miya fa?

Mai Gonar Kaji: Nan ma ido. A binciken Tarayyar Turai na 2021, kashi 48 cikin 100 na oreganon da aka gwada an zargi an yi masa haɗi, galibi da ganyen zaitun. Ki sayi mai ganye-ganye, ban da niƙaƙƙe.

Mai Sabulu: Na gode, Allah ya saka. Na juya kwalbar yanzu, babu sunan ƙasar da ya fito, babu lamba. Na tura wa mai kayan saƙo ina neman takardar, ya karanta bai amsa ba.