Mudu Biyu a Hannun Mai Bi: Musayar Waƙa a Kan Ƙuri'ar Kirista

Baba Istifanus

Salama a gare ku, 'yan'uwa. A 1998, lokacin abin kunyar Shugaba Bill Clinton, babban taron cocin Baptist na kudancin ƙasar Amurka ya zartar da ƙuduri cewa halin shugaba abin dubawa ne kafin a ba shi amana, amma a 2016 kusan kashi 81 cikin ɗari na fararen Kiristoci masu bishara suka zaɓi Donald Trump, wata guda bayan fitowar faifan da aka ji shi yana alfahari da taɓa mata ba da yardarsu ba. Wannan ne ya dame ni. Duk mai amsawa ya riƙe amsa-amon "ya".

Da sunan Allah Mai Iko nake farawa,
Wanda ba ya barci, ba ya mantawa,
Shi ne Alƙali mai sani da ganewa,
Ya ba ni harshe mai faɗi da tsayawa,
Kada son wani ya sa in karkatar da gaskiya.

Zamanin Clinton an yi wa'azi da ƙarfi,
An ce kujera ba ta wanke laifi,
An yi magana da harshe mai kaifi,
An ce wanda ya ci amanar aure ya tafi,
Don mai cin amanar gida zai ci ta ƙasa baki ɗaya.

Shekara 18 kacal suka wuce,
Sai ga faifai, kowa ya ji abin da ya ce,
Bakin da ya yi tsawa sai ya lafa ya kauce,
Wasu suka ce ai hirar maza ce,
Suka jefa ƙuri'a ba tare da duban baya.

Ban zo in ce ku bi wata jam'iyya ba,
Ban ce ɗan Adam zai rayu bai yi kuskure ba,
Abin da ban gane ba, ban kuma yarda ba,
Mudun da aka auna wancan ba a auna wannan da shi ba,
Wace aya ce ta ba mu izinin wannan wariya?

Malam Bulus

Baba, na gaishe ka da girmamawa, amma ina ganin ka ɗora wa mutanen nan nauyin da ya fi laifinsu, domin ranar zaɓe manyan sunaye biyu ne a gabansu, kuma kowane suna yana tafe da dokoki da alƙalan da zai kawo.

Baba, ranka ya daɗe, ka ba ni dama,
In faɗi hujjar waɗanda ka tuhuma,
Ba fasto suka je zaɓa ba, ko mai hidima,
Shugaba suka nema, mai riƙe hukuma,
Wanda zai tsare abin da suka riƙe a zuciya.

Sun ce ran ɗan tayi abin tsarewa ne,
Kuma Kotun Ƙoli wurin yanke zancen ne,
Trump ya yi alkawari, ya naɗa alƙalai uku, tabbas ne,
A 2022 hukuncin 1973 na halatta zubar da ciki rusasshe ne,
To wa zai ce sun yi zaɓen nan a kan ƙarya?

Ka tuna Sairus, sarkin Farisa,
Ba Bayahude ba ne, Allah ya riƙe hannunsa,
Kamammu suka koma gida da umarninsa,
Aka fara ginin Haikali da izininsa,
Shafaffe aka kira shi a littafin Ishaya.

Sannan zargin lokacin zaɓe sai a lura,
Sau da yawa abokan hamayya ne sukan fara,
Attaura ta ce shaidu biyu ko uku a tara,
Kafin a ɗora wa mutum laifi ko tara,
Wanda bai taɓa zunubi ba ya fara jifa, in ya iya.

Malama Saratu

Malam Bulus, ba duka maganar ce ta tsaya a zargi ba. A Mayun 2023 masu taya alƙali yanke hukunci a New York sun ɗora wa Trump alhakin cin zarafin marubuciya E. Jean Carroll, aka ce ya biya dala miliyan 5, a Mayun 2024 kuma aka same shi da laifuka 34 na yin ƙarya a takardun kasuwanci. Shi yana musanta duka, ya kuma ɗaukaka ƙara, wanda haƙƙinsa ne.

Malam Bulus, zancen Sairus na ji,
Amma Dawuda ya fi shi kusa da Ubangiji,
Ya ɗauki matar da take da miji,
Ya sa aka bar mijin a bakin daga ba agaji,
Har yau Littafi na kiran sunan Uriya.

Annabi Natan na cikin fada, ba ɗan adawa,
Yana son sarki, yana son Isra'ilawa,
Duk da haka ya shiga ba tsoron kowa,
Ya ce masa shi ne mutumin, ba kewayawa,
Wannan ita ce biyayyar da ba ta da riya.

Dawuda bai ce maƙiya ne suka ƙulla ba,
Bai tara magoya baya su yi ihu ba,
Ya amsa zunubinsa, bai nemi uzuri ba,
An gafarta masa, amma takobi bai bar gidansa ba,
Domin gafara ba ta share abin da za a biya.

Ayar jifa da ka kawo, ka karanta ƙarshenta,
Mace ce aka jawo ita kaɗai a wulaƙanta,
Yesu ya tsaya tsakanin duwatsu da ita,
Ya sallame ta, ya ce kada ta koma ga zunubinta,
Yaya aka mai da ayar ta zama wa masu mulki kariya?

Ina tuna yarinyar da ke zaune a majami'a,
Wadda wani babba ya cuta, ta rufe baki sai addu'a,
Tana jin yadda ake zagin masu ƙara cikin jama'a,
Tun kafin a saurare su a gaban shari'a,
To ita, ranar da ta buɗe baki, wa zai ji mata murya?

Yakubu

Iyayena, ku ba ni izini in sa baki. Cibiyar bincike ta PRRI ta gano cewa a 2011 kashi 30 ne kawai na fararen masu bishara suka yarda ɗan siyasar da ya yi lalata a ɓoye zai iya riƙe amanar jama'a, amma a 2016 sun kai kashi 72. Na kuma kawo Frederick Chiluba, tsohon shugaban Zambiya, wanda ya ayyana ta ƙasar Kirista a 1991, ko da yake ya kamata a faɗa cewa kotun ƙasarsa ta wanke shi daga tuhumar sata a 2009.

Iyayena, kada mu ɗora wa gefe guda,
Masu kare Clinton jiya su ma sun ba da shaida,
Cikinsu akwai Kiristoci masu ibada,
Da suka ce aikinsa ya isa a yarda,
Kowa idan nasa ne sai ya ga ba abin kunya.

Chiluba ya ɗaga sunan Yesu sama,
Aka yi masa tafi, aka ba shi girma,
A 2007 kotun Landan ta duba tuhuma,
Ta ce shi da mutanensa sun kwashi dala miliyan 46 na hukuma,
Dukiyar talakawa ce, Kiristocin Zambiya.

Malam Bulus

Malama, Natan ya yi faɗa, bai cire rawani ba,
Dawuda bai sauka daga gadon sarauta ba,
Idan ɗayan ɗan takarar bai yarda da abin da na yarda ba,
Na ƙi zaɓe na zauna, ban taimaki kowa ba,
Ki nuna mini ta uku, in akwai wata hanya.

Malama Saratu

Malam, Dawuda ba da ƙuri'a ya hau ba,
Talakan Isra'ila bai dangwala masa yatsa ba,
Natan bai riƙe ikon da mai zaɓe ya riƙe ba,
Wanda ya jefa ba zai ce babu ruwansa ba,
Shi ya naɗa, shi za a fara yi wa tambaya.

Baba Istifanus

Bulus ɗana, akwai zaɓen fid da gwani,
'Yan takara 17 suka fito a wancan zamani,
Cikinsu har da tsohon fasto, kowa ya sani,
Da yawa Trump suka zaɓa, ana ji ana gani,
To ina tilas ɗin da kake ta faɗa tun jiya?

In ka auna ka ga dole, ƙuri'arka ka jefa,
Amma man keɓewa kada a kansa ka shafa,
Laifin da ka gani da ido kada ka rufa,
Wadda ta kawo ƙara kada ka bi ta da jifa,
Ka bar kotu ta yi aikinta lafiya.

A 2019 mujallar masu bishara,
Christianity Today, wadda Billy Graham ya fara,
Ta ce a sauke Trump, ta san za ta yi asara,
Shugabannin coci kusan 200 suka taso mata da ƙara,
Kai da ka san Natan, Bulus, a wane gefe za ka tsaya?