Sayen Littafi ko Aro: Shawarwarin da Aka Bayar

A tattaunawar da wasu iyaye da ɗalibai suka yi a Kano kan tsadar littattafai, yawancinsu sun ce littafin da za a riƙa komawa gare shi, kamar ƙamus ko littafin fiƙihu da ake ja wa layi da biro, gara a saye shi, ko da na hannu ne. Littafin labari kuwa aronsa ya fi. Sai dai wani malami ya tunatar cewa zuwa ɗakin karatu na Murtala Muhammad daga unguwa mai nisa yana cin kuɗin adaidaita sahu zuwa da dawowa, kuma a ganina ya yi gaskiya, domin wasu littattafan a wurin ake zama a karanta su, ba a fita da su.