Allurar mura mai tsanani: dole a sake duk shekara?

Maman Biyu:
Salamu alaikum. Don Allah me ya sa ake maimaita allurar infuluwenza duk shekara? Wai ma ita ke jawo murar?

Malamin Asibiti:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Ƙwayar cutar na sauya kama, shi ya sa ake sabunta haɗin allurar. Babu ƙwaya mai rai a cikinta, jiki kawai take koya wa gane cutar. Garkuwar kan ɗauki kusan mako 2 kafin ta kankama, wanda ya kamu kafin nan sai ya ɗora wa allurar laifi.

Nas Mai Dare:
Ciwon dantse na kwana 1 ko 2 bayan allurar ba komai ba ne. Don guje wa murar, a wanke hannu da sabulu na daƙiƙa 20. Amoxicillin kuwa, maganin kashe bakteriya, ba ya taɓa ƙwayar mura.