Neman shawara: wace jami'a ce 'yar gado a ƙwallon Amurka, wace ce 'yar haye?

Baban yaro, daga Houston:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekarata goma sha bakwai a ƙasar nan, amma har yau ƙwallon da na sani ita ce ta ƙafa. Ɗana na fari kuwa tun yana aji tara ya faɗa wa tasu ta Amurka, wadda ake sa hular kwano ana karo kamar raguna. Allah Ya ba shi jiki, yana cikin masu tsare gida. Yanzu jami'o'i biyu sun yi masa tayin karatu kyauta. Ba zan faɗi sunansu ba tunda ba mu sa hannu ba. Ɗaya tsohon gida ne, da muka je ziyara sai da aka zaga da mu wani ɗaki cike da kofuna a cikin gilas, amma da na duƙa na karanta shekarun, sai na ga na ƙarshen ya girmi yaron. Ɗayar ba ta da irin wannan ɗaki, sai dai kaka huɗu ke nan tana cin wasa, kocinta kuma har falonmu ya zo, ya cire takalmi a bakin ƙofa ba wanda ya ce ya cire. Yaron ya kafe sai ta farkon, wai ita ce mai jinin sarauta. Don Allah me ake dubawa kafin a ce makaranta babba ce a tarihi? Kuma girman nan zai amfane shi da wani abu?

Kawu, daga Columbus:
Wa alaikumus salam Alhaji, Allah Ya sanya alheri. Ni ma'aunina ɗaya ne: gidan ya ci kofi a hannun koci fiye da ɗaya, a zamani daban-daban? In mutum ɗaya ne ya ɗaga shi, to girman na mutumin ne, ranar da ya tafi zai tafi da abinsa. Dubi Alabama. Koci Bear Bryant ya ci kofin ƙasa shida tsakanin 1961 da 1979. Bayansa Gene Stallings ya ci a 1992, sannan Nick Saban ya zo ya ƙara shida daga 2009 zuwa 2020. Oklahoma ma haka: Bud Wilkinson ya ci wasa 47 a jere daga 1953 zuwa 1957, har yau ba babbar makarantar da ta kamo wannan, sai Barry Switzer ya ɗora, sai Bob Stoops a 2000. Tamu ta nan garin, Ohio State, koci biyar ne suka kawo mata kofi, tun daga Paul Brown a 1942 har Ryan Day a kakar 2024. Wannan shi ne gado.

Amma kada adadin kofunan cikin gilas ya ruɗe ka. Kafin 1998 babu tsayayyen wasan ƙarshe da ke raba gardama kowace shekara, ƙuri'a ake yi. 'Yan jarida suna da tasu tun 1936, kociyoyi suna da tasu, shi ya sa a 1997 Michigan da Nebraska kowa ya ce shi ne zakara. Wasu makarantun har da kofunan da aka lissafa musu daga baya suke ƙirgawa. In ƙirga ce kawai, Princeton da Yale sun fi kowa, ai Princeton ce ta buga wasan farko da Rutgers a 1869, amma yau wa ke jin tsoronsu?

Wani ɗan uwa, daga Minneapolis:
Kawu ya yi gaskiya, sai dai gado ma yana ƙarewa. Minnesota ta nan ta ci kofi a 1934 da 1935 da 1936, ta ƙara a 1940 da 1941, na ƙarshe 1960. Tambayi yaran yanzu ko sun sani. Nebraska kuma tun 1962 ba a yi wasa a gidanta tikiti ya yi kwantai ba, amma rabonta da kofi tun 1997. Jama'a na nan, tsoron ne babu. Alhaji ka bincika wacce iri ce taku, mai barci ko wadda aka riga aka yi wa sutura.

Ƙaninku, daga Detroit:
Baba, abin da manya ba su faɗa ba shi ne kuɗi da jama'a. Filin Michigan yana cin mutum 107,601, kuma ita ce ta fara kai nasara 1,000 a 2023. Notre Dame rabonta da kofi tun 1988, amma tun 1991 tashar talabijin ta NBC ke nuna wasanninta na gida. Irin waɗannan ko sun faɗi suna da abin tashi, don tsofaffin ɗalibai za su zuba kuɗi a ɗauko sabon koci. Tun Yulin 2021 kuma 'yan wasa na karɓar kuɗin talla da sunansu, babban gida ya fi kawo wannan. Af, Kawu bai faɗa muku ba, daga 2021 zuwa 2024 sau huɗu a jere mu 'yan Michigan muna lallasa Ohio State ɗinsu.

Kawu, daga Columbus:
Yaro, kofin 2024 yana Columbus, in ka zo zan kai ka ka gaishe shi.

Anti, daga Atlanta:
Ku dai maza da musun kofi. Alhaji, ɗana ya bi hanyar nan, shekara biyu yana dumama benci a babban gida kafin ya koma inda ake sa shi wasa. Cikin masu buga wa jami'o'i, waɗanda NFL, babbar gasar ƙwararru, ke ɗauka ba su kai biyu cikin ɗari ba, saboda haka takardar digirin ce taka. Ka tambaye su mutum nawa ne a gabansa a gurbin da yake bugawa, in ya ji rauni ko karatun kyautan zai ci gaba, kuma a rubuce, ba da baki ba. Ka tambayi wane fanni za su bar shi ya karanta, don wasu darussan suna cin karo da lokacin atisaye. Kocin da ya cire takalmi ya kyauta, amma koci baƙo ne. Ko Alabama, da Saban ya ajiye aiki a Janairun 2024, sai ga ɗan wasanta Caleb Downs ya tattara ya koma Ohio State. Ga Christian Okoye ɗan Inugu, ƙaramar makaranta ya yi, Azusa Pacific, amma a 1989 ba wanda ya kai shi cin tazara da ƙwallo a hannu a duk NFL. Masu farautar 'yan wasa suna zuwa har lungu in yaro na wasa. Wanda ke benci ne ba sa gani.

Baban yaro, daga Houston:
Na gode ƙwarai, Allah Ya bar zumunci. Na koma na duba, ta farkon koci uku ne suka ci mata kofi, ashe yaron bai yi ƙarya ba. Amma Anti, na sa shi ya ƙirga, mutum biyar ne a gabansa a can, a ɗayar kuwa biyu, ɗaya ma bana zai gama. Tun jiya ya yi shiru. Ranar Asabar za mu kira su duka biyun a kan maganar rauni, mahaifiyarsa kuma ta ce a ƙara da tambayar nisan masallacin Juma'a daga ɗakin kwanansu.