Sabon faifan ajiya yana ƙarar kwas-kwas, mako uku da saye

Baban Khadija: Assalamu alaikum. Masana, ina neman shawara. Faifan ajiya ne mai 4TB, babba na kwamfutar tebur, an sa shi a kwamfutar shagonmu a Agege mako uku da suka wuce. Yanzu idan ana kwafin manyan fayiloli sai ya tsaya cak na ɗan lokaci, ya yi kwas-kwas sau biyu ko uku, sannan ya ci gaba. CrystalDiskInfo, manhajar duba lafiyar faifai, ya nuna rawaya, wato alamar gargaɗi. Faifan ne ya lalace ko wani abu ne daban?

Injiniya Ikeja: Wa alaikumus salam, Alhaji. Kafin kowane gwaji, a kwashe abin da ke ciki zuwa wani faifan. A fara da abin da ba a iya sake samu, hotunan kwastomomi da takardun lissafi. Gwaji yana wahalar da faifai, idan ya riga ya raunana zai iya mutuwa ana cikin gwajin. Kuma don Allah kada a sa masa chkdsk /r, umarnin Windows na binciken faifai, yanzu, zai yi ta maimaita karatu a wurin da ya lalace.

Bayan haka a turo mana lambobi, rawayar kaɗai ba ta isa ba. A CrystalDiskInfo a shiga Function, Advanced Feature, Raw Values, a zaɓi 10 DEC, don lambobin su fito yadda muka saba ƙirga su. A karanta layin 05, C5, C6, C7 da 09.

Baban Khadija: An kwashe, Injiniya. 05 na nuna 8, C5 na nuna 24, C6 sifili, C7 na nuna 3, 09 kuma 190.

Injiniya Ikeja: Madalla. 05 shi ne adadin sektoci, wato ƙananan gurabun da ake rubuta bayanai a kansu, da faifan ya tabbatar sun lalace, ya maye gurbinsu daga ajiyar da aka tanadar masa. C5 kuwa waɗanda ya kasa karantawa ne, yana jiran a sake rubutu a kansu kafin ya yanke musu hukunci. Tsayawar nan da ake gani, faifan ne ke ta ƙoƙarin karanta irin waɗannan wuraren. A faifai mai awa 190 kacal na aiki, yadda 09 ya nuna, duka biyun sifili ya kamata su kasance. Ni dai a ganina wannan na mayarwa ne.

Sadiya Obalende: Na yarda da Injiniya, amma a ɗan dakata a cire zargin wuta da waya, domin shi ne abin da mai shago zai fara faɗa. C7 kuskuren sadarwa ne tsakanin faifai da allon kwamfuta, kusan kullum wayar SATA ce ko bakin da aka soka ta. A canza waya, a canza baki. Lambar ba ta komawa sifili ko an gyara, abin lura shi ne ko tana ƙaruwa. 3 ba abin tsoro ba ne idan ta tsaya a nan.

Sai wuta. Babban faifai yana cin layi biyu, 12V na juya injinsa, 5V na allonsa. Idan fawa saflai ya gaji, 12V ta faɗi, kan karatu zai koma mazauninsa ya sake fitowa, wannan ma kwas-kwas ne. A cire duk wata wayar raba wuta ko adaftar Molex, a jona shi kai tsaye. Kuma a nan Legas da ake sauyawa tsakanin wutar layi da janareta sau da yawa a yini, idan babu UPS, wuta na iya yankewa faifai na tsakiyar rubutu. Sektar da aka rubuta rabi za ta fito a C5 alhali jikinta lafiya lau.

Injiniya Ikeja: Gaskiya ne, Malama, C5 kaɗai na iya zuwa daga yankewar wuta. Amma 05 ba ya tashi haka kawai, sai faifan ya gwada wurin ya ƙi. Shi ya sa 8 ɗin nan ta fi 24 damuna.

Malam Idi-Araba: To ga yadda za a raba gardama. A sauke smartmontools, kyauta ce, tana aiki a Windows da Linux. A fara da smartctl -t short, kamar minti biyu yake ɗauka. Idan ya wuce, a sa smartctl -t long, wanda ke karanta faifan tun daga farko har ƙarshe. Ga 4TB a ware awa bakwai zuwa takwas, a tabbatar akwai wutar da ba za ta yanke ba, a kuma hana kwamfutar yin barci. Gwajin ba ya goge komai. Idan ya gama, smartctl -a zai nuna sakamakon. In aka ga read failure tare da lambar LBA, wato adireshin sektar da ta ƙi karantuwa, magana ta ƙare.

A ɗauki hoton lambobin kafin gwaji da bayansa. Idan 05 ko C5 sun ƙaru ko da guda ne cikin yini ɗaya, lalacewar tana yaɗuwa. A kuma leƙa Event Viewer na Windows, ɓangaren System, a nemi saƙon disk mai lamba 7 ko 153. Na farko ya ce an ci karo da wuri marar kyau, na biyu ya ce sai da aka maimaita umarni.

Wani abu da ke tsorata mutane a banza: a faifan Seagate, layin 01 da 07 kan nuna miliyoyi tun yana sabo. Haka kamfanin ke ƙirga su, ba ciwo ba ne.

Sadiya Obalende: A duba zafi ma. Ɗaki ba fanka, akwati cike da ƙura, faifai zai iya haura digiri 50. A yi ƙoƙari ya zauna ƙasa da 45, fanka ɗaya a gabansa ta isa.

Ɗan Alaba: Ranka ya daɗe, tambayar da ba a yi ba: sabon ne da gaske? Ana iya goge lissafin SMART, wato lambobin nan da faifai ke ajiyewa kan lafiyarsa, a mayar da awa sifili, a sa tokumbo a sabuwar leda. A kalli ramukan kusoshi a gefe, ko akwai sawun ɗauri. A kalli haƙoran zinaren bakin SATA, ko sun karce fiye da soki ɗaya ko biyu. A karanta ranar ƙira a takardar da ke sama. Sannan a sa lambar siriyal a shafin garanti na kamfanin, a ga ko garantin ya ƙare ko ya kusa. Idan Seagate ne irin na manyan kwamfutocin sabar, smartctl -l farm, daga siga 7.4 zuwa sama, na nuna wani lissafin awa na daban. A farkon 2025 da shi aka gano faifan da suka yi dubban awanni ana sayar da su a matsayin sababbi.

Baban Khadija: An canza waya, C7 ta tsaya a 3. Dogon gwajin ya tsaya da saura kashi 90, ya rubuta read failure. C5 ta koma 41.

Injiniya Ikeja: To shi ke nan, Alhaji, jikin faifan ne. Kada a bari wani ya ce zai gyara shi da manhaja. Abin da ake yi shi ne a tilasta masa ɓoye sektocin, rawaya ta koma shuɗi, bayan wata guda a dawo gidan jiya. Kada kuma a buɗe murfinsa ko a ɓare takardarsa, garanti zai faɗi.

A je da rasit, ledar da ya zo a ciki, da hotunan nan biyu masu nuna siriyal. Idan akwai bayanan kwastomomi a goge su tukuna, in faifan ya yarda. A naɗe shi da soso, kada a jefa shi a jaka tsirara a hau danfo. A nemi canji, kuma a karanta 05, C5 da 09 na sabon a gaban mai shago kafin a tafi.

Malam Idi-Araba: Idan an kawo sabon, kada a zuba masa aiki ranar farko. A yi masa cikakken fomat, ba na gaggawa ba, don a rubuta kowace sekta, sannan a sa dogon gwaji. Zai ci kusan yini guda. Idan 05, C5 da C6 sun zauna sifili, a fara ajiya.